Rediyon jirgin yaƙi: akwatin ne mai tsada, ko mabuɗin?

Aminu Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni. Kwanan nan ina ta cin karo da labarin cewa Amurka da ƙawayenta na NATO suna cire rediyoyin jiragen yaƙinsu suna sa sababbi, ana ta ambaton Link 16 da SATURN da MUOS. Har na karanta cewa a farkon 2023 kamfanin L3Harris ya sayi sashen Viasat mai ƙera kayan Link 16 a kan kusan dala biliyan 2. Rediyo fa! Ni da 'yar wayata ina kiran bidiyo da yayana a Jidda, WhatsApp kuma ya ce maganarmu a kulle take. Me ya hana a ba matuƙi irin wannan kowa ya huta?

Kawu Na Fagge: Wa alaikumus salam. Aminu yaro ne, bai san kwangila ba. Oba-obar China tana nan jibge a Sabon Gari, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba, kuma tana magana tangaram. Amma da zarar an shafa mata koren fenti an ce ta soja ce, sai ka ji miliyoyi. Ko a Amurka 'yan kwangila 'yan kwangila ne.

Baba Saje: Alhaji Na Fagge, ka fara ke nan. Aminu ɗana, wayarka tana aiki ne saboda akwai turakun sabis a ƙasa kowane 'yan kilomita, da wuta, da wayar ƙarƙashin ƙasa, kuma babu wanda ya tashi da safe da niyyar kashe ka saboda kiran da ka yi. Jirgin yaƙi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na yi rayuwar aikina a kan rediyon jirage, bari in faɗa maka abin da kowa zai iya samu a littafi. Jiragen soja suna magana ne tsakanin megahaz 225 zuwa 400. A da, murya ce tsirara. Duk mai rediyon da ya kai wannan zangon zai ji komai. Wannan matsala ɗaya. Ta biyu, abokin gaba ba sai ya saurare ka ba, yana iya kunna na'ura mai ƙarfi a kan zangonka ya cika maka kunne da ƙara, kai da jagoranka ku koma kurame. Akwai kuma wadda mutane ke mantawa: ko bai gane ko kalma ɗaya ba, danna maɓallin magana da ka yi ya isa ya nuna masa ta inda kake. Maganin kowacce daban. Wanda ya kulle murya bai hana toshewa ba, wanda ya tsere wa toshewa bai ɓuya ba.

Aminu Zariya: Allah ya ƙara girma Baba. To toshewar yaya ake tsere mata?

Baba Saje: Da tsalle. Wajen 1980 Amurkawa suka fito da wani tsari mai suna HAVE QUICK. Rediyon ba ya zama a zango ɗaya, yana ta tsalle daga wannan zuwa wancan sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Mai toshewa kafin ya same ka ka bar wurin. Amma fa sai duk jiragen sun yi tsallen tare, don haka abu uku dole su zo daidai: kalmar sirrin ranar, lambar rukuni, da agogo. Agogon nan shi ne ciwon kan makanike. In naka ya kauce kaɗan daga na sauran, rediyonka lafiyarsa ƙalau amma ba ka jin kowa. Yawanci daga GPS ake ɗaukar lokacin, ko wani jirgi ya turo maka ta iska, matuƙa suna ce wa wannan Mickey.

Kuma HAVE QUICK ba ya kulle murya. Sai an haɗa masa wani akwati daban, KY-58, shi ke yin kullewar. SATURN da ka ji ana faɗa shi ne magajinsa a NATO: tsallensa ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma dijital ne. Dalilin canjin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Tsallen da ya gagari na'urar 1980 ba ya gagarar ta yau.

Injiniya Bilki: Sannu da ƙoƙari Baba. Bari in ɗora daga ɓangaren bayanai, don Link 16 ba rediyon hira ba ne, kodayake yana iya ɗaukar murya. Aikinsa shi ne jirage da jiragen ruwa da na'urorin kakkaɓo jirage a ƙasa su riƙa raba hoto ɗaya. Kowa yana sanar da inda yake, da abin da radarsa ta hango, da man da ya rage masa, da makaman da ke jikinsa, duk ba tare da matuƙi ya buɗe baki ba. Yana duba allonsa ya ga nasu da alama ɗaya, baƙo da wata alama.

Yana aiki tsakanin megahaz 960 zuwa 1215, yana tsalle a kan zanguna 51, kowane tsalle bayan kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa. Ku lissafa, ya kusa tsalle 77,000 a daƙiƙa ɗaya. An kuma yanka kowace daƙiƙa gida 128, an raba wa mahalarta, kowa ya san gidan da zai yi magana a ciki ya yi shiru a sauran. Amfanin haka, babu wata uwar na'ura a tsakiya da za a harbo komai ya mutu.

Aminu, ga abin da zai ba ka dariya: a tsarinsa na asali saurinsa bai wuce kilobit 115 a daƙiƙa ba. Wayarka ta fi shi sau ɗaruruwa. Sun sayar da sauri ne suka sayi taurin kai.

Kawu Na Fagge: To ka ji! Abu ya fi 2G rarrafe, ana sayar da kamfaninsa dala biliyan biyu. Hajiya Injiniya ke da bakinki kin ƙarfafa maganata.

Injiniya Bilki: Kawu, ai shi ya sa ake sabunta shi. Amma babban abin da ya tilasta canjin ba saurin ba ne, kullen ne. Hukumar NSA ta Amurka, wadda ke da iko da lissafin kulle bayanan sojansu, ta ce tsohon lissafin ya tsufa, dole kowace na'ura ta koma sabo. In rabin jiragenka sun koma sabo rabi suna kan tsoho, to ka raba rundunarka biyu da hannunka. Shi ya sa kake ganin kowa yana gaggawa lokaci guda. Sannan zangon da Link 16 ke ciki ba nasa ba ne shi kaɗai, na'urorin da jiragen fasinja ke auna nisa da su suna nan ciki, don haka hukumar jiragen farar hula ta Amurka ta sa sharaɗin a iya kauce wa wasu zangunan. Tun asali ma an tsallake kewayen 1030 da 1090 saboda na tantance jirage ne. Sababbin akwatunan, irin su MIDS JTRS, manhaja ce ke tafiyar da su, gobe in lissafi ya sake canzawa ba sai an kwance jirgi ba.

Malam Tarihi: Salamu alaikum. Na jima ina karatu shiru. Alhaji Na Fagge, kafin ka ce kuɗin banza ne, ka tuna 14 ga Afrilu 1994 a arewacin Iraƙi. Jiragen F-15 guda biyu na Amurka suka harbo jirage masu saukar ungulu ƙirar Black Hawk guda biyu, su ma na Amurka. Mutum 26 suka mutu, da Amurkawa da Turawan Ingila da Faransawa da Turkawa da Kurdawa. Ga jirgin AWACS, mai babbar rada da ke sa ido yana jagorantar sauran jirage, a sama wanda ya san da zaman masu saukar ungulun. Amma su F-15 suna kan HAVE QUICK II, Black Hawk ba su da shi, suna wani zango daban. Lambar tantancewa da Black Hawk ɗin ke fitarwa ta sararin Turkiyya ce, ba ta yankin da suka shiga ba. Matuƙan F-15 suka duba da ido suka ce masu saukar ungulu ƙirar Mi-24 ne na Saddam. Ba abokin gaba a wurin, ba mai toshe sigina. Tuta ɗaya, rana tsaka.

Irin wannan ya sake faruwa a Indiya ranar 27 ga Fabrairu 2019, lokacin da suka yi arangama da Pakistan. A Budgam makami mai linzami na Indiya ya kakkaɓo Mi-17 na Indiya, sojan sama shida da farar hula ɗaya suka mutu, kuma shugaban rundunar ya amsa laifin a watan Oktoban shekarar. A ranar ce kuma aka harbo MiG-21 ɗin matuƙin Indiya Abhinandan Varthaman, jaridun Indiya suka ruwaito cewa an toshe masa rediyo bai ji umarnin ya juyo ba. Bayan nan Indiya ta ruga ta sayi sababbin rediyoyi daga kamfanin Rafael na Isra'ila.

Kawu Na Fagge: Malam, na ji, Allah ya kyauta. Amma waɗannan manya ne ke faɗa da manya. Mu nan da wa muke faɗa? Ɗan bindiga a dajin Zamfara da babur da silifa. Shi ne zai toshe wa jirgin yaƙinmu Tucano rediyo? A saya wa kurtu takalmi da harsashi tukuna.

Malam Tarihi: Ka raina mai silifa ke nan. A watan Disamba 2009 aka fallasa cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon da jirgin Predator maras matuƙi ke turowa ƙasa, da wata manhaja mai suna SkyGrabber wadda ake sayarwa dala 26. An yi ta ne don masu satar fina-finai daga tauraron ɗan adam. Bidiyon ba a kulle yake ba, saboda an ɗauka mutanen ba za su iya ba. A kwamfutocin waɗanda aka kama aka tarar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baba Saje: Kuma Alhaji, oba-obar da kake yabo ita ce sojojin Rasha da dama suka shiga Yukiren da ita a 2022, duniya ta yi ta sauraron su ana ɗora muryoyinsu a intanet.

Amma zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. Matsalarmu ta farko a nan ba toshewa ba ce. Matsalarmu ita ce wanda ke sama da wanda ke ƙasa su ji juna, su kuma ga abu ɗaya. Dubi garken jiragenmu, duk a jarida yake: Alpha Jet na Faransa da Jamus, L-39 na Cek, F-7 na China, Mi-35 na Rasha, AW109 na Italiya, JF-17 guda uku daga Pakistan a 2021, Super Tucano 12 ta hannun Amurka waɗanda shidan farko suka sauka Kano a Yulin 2021, T129 na Turkiyya, ga M-346 da aka yi oda daga Italiya, ga marasa matuƙa na China da na Turkiyya. Kowane gida da irin tsarinsa. Muryar tsirara ce kaɗai yaren da kowane jirgi a duniya yake ji tun daga masana'anta. Duk abin da ya wuce wannan sai an zauna an haɗa shi, kuma aiki ne ja.

Sani Rigasa: Baba tunda ka san ciki, wane rediyo ne a Tucano ɗinmu, kuma a wane zango suke magana da na ƙasa?

Shugaban Zaure: Sani, wannan tambayar ba ta wuce ba. Dokar zaure: abin da ke littafi da jarida a tattauna, abin da ya shafi zango ko kayan da ke jikin jiragen da ke bakin aiki yanzu, a'a. Wanda ya sani ma kada ya amsa. A ci gaba.

Sani Rigasa: Tuba nake ranka ya daɗe. Abin da ya sa na tambaya, Tudun Biri ce ke cina. 3 ga Disamba 2023, mutane suna Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi, jirgi maras matuƙi ya sakar musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka mutu. Da farko sojan sama suka fitar da sanarwa cewa ba su yi aiki a Kaduna ba a wannan lokacin, daga baya sojan ƙasa suka ce nasu ne. Da akwai wannan Link ɗin da Anti Bilki ke faɗa, da an kauce?

Baba Saje: Allah ya jiƙansu da rahama. Ni ina ganin da ya taimaka. In kowane abu da ya tashi sama, na kowace runduna, yana bayyana a allo ɗaya a cibiya ɗaya, to akwai ƙarin ido da zai ce dakata. Ka tuna Rann, 17 ga Janairu 2017, inda jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Kala Balge, sama da mutum ɗari suka mutu. Binciken hedikwatar tsaro ya ce ba a yi wa wurin alamar da ta dace a taswira ba. Taswira ai bayani ce. Na ƙasa sun san akwai sansani, na sama bai sani ba.

Injiniya Bilki: Baba, da girmamawa, a nan ban bi ka ba gaba ɗaya. Rann na yarda, domin abin da wani ya sani ne bai isa ga wani ba, kuma wannan shi ne ainihin aikin hanyar bayanai. Amma Tudun Biri daban ce. Wanda ke kallon allo ya ga taron mutane da dare ya yanke cewa 'yan bindiga ne. Hanyar bayanai ba ta bambance Mauludi da taron ɓarayi. Abin da aka zuba mata shi take kaiwa, in ƙarya ce ta kai ta da sauri, a kulle, ga kowa. Ina tsoron ranar da za a ce mana an sayo na'ura an magance matsalar, alhali tambayoyin su ne: wa ya tabbatar, da majiya nawa, wa ke da ikon cewa a saki, wa aka tuntuɓa a garin. Black Hawk ɗin da Malam ya kawo ma, AWACS na da labarin, mutane ne ba su faɗa ba.

Baba Saje: 'Yata, ban ce na'ura tana tunani ba. Na ce tana ƙara yawan masu gani. Wanda ke shi kaɗai a ɗaki da allo ya fi saurin kuskure a kan wanda ya san wasu uku suna kallon abin da yake kallo.

Injiniya Bilki: Ko kuma ukun kowa ya ɗauka ɗayan ya tabbatar. Haka aka yi a cikin AWACS ɗin.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku bari mu ma na ƙetaren iyaka mu sa baki. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, hedikwata a N'Djamena, sassa huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a wajenmu, kafin Nijar ta sanar da ficewa a watan Maris 2025. Wasu da Faransanci aka horar da su, wasu da Ingilishi, kaya kuma kowa da inda ya sayo. Mayaƙan da ake bi su ba ruwansu da iyaka, Kanuri da Hausa da Larabci sun ishe su. To jirgin wata ƙasa in ya hango su suna tsallaka kogin Komadugu, da wane mabuɗi zai gaya wa sojan ɗaya ƙasar? Wa zai ba wa nasa?

Mu kuma mun ga wani abu da idonmu. Faransawa sun fita ƙarshen 2023, Amurkawa sun bar sansanin Agadez a 2024. Titin jirgi yana nan, gine-gine suna nan. Kayan sadarwa na sirri ba wanda ke barin su a baya. Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, idon da kake aro ya tafi da shi.

Malam Tarihi: Ɗan Damagaram ya taɓo inda ke ciwo. Link 16 ba a sayensa kamar taya. Ƙasashe biyar suka haɗu suka yi na'urar MIDS, Amurka da Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya, amma kullen da ke ciki na Amurka ne, sai da yardarta ake sayar wa kowa, kuma mabuɗan ta hannunta suke bi. Kamar ka sayi gida ne ka biya lakadan, amma kowace safiya sai ka je wurin wanda ya sayar maka ya ba ka mabuɗin ranar.

Shi ya sa wasu suka yi nasu. Suwidin ta daɗe da nata tun kafin jirgin yaƙinta Gripen. Afirka ta Kudu tana da Link-ZA. Brazil, inda aka haifi Tucano, tana da Link-BR2. Pakistan kuwa biyu take riƙe da su: F-16 ɗinta suna kan Link 16, JF-17 suna kan nata na gida, Link-17.

Kawu Na Fagge: Yauwa, yanzu kuka zo inda nake so. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna, ga DICON mai ƙera makamai, kuma ba sojan samanmu ne suka fito da jirgi maras matuƙi Tsaigumi ba a 2018? A tara yaranmu irin su Aminu a ba su shekara biyu su yi mana Link-Arewa ko Link-Naija, a daina kai kuɗi waje.

Aminu Zariya: Kawu ɗazu ka ce oba-oba ta isa.

Kawu Na Fagge: Ɗazu ɗazu ne. Ɗan kasuwa da kasuwa yake juyawa.

Injiniya Bilki: Kawu, ina tare da kai a niyya, amma shekara biyun nan cire ta. Lissafin kullewa shi ne mafi sauƙi, sanannen lissafin nan AES-256 a buɗe yake, ɗalibin ajin ƙarshe zai iya rubuta shi. Wahalar tana wajen sa akwatin a jikin jirgi. Sai ya yi magana da kwamfutar jirgin, ita kuma manhajarta mallakar wanda ya ƙera ce, ba ya ba ka ita don kana da kyau. Sai an huda jikin jirgi an dasa eriya a inda fiffike ba zai kare ta ba in jirgin ya karkata. Sai an gwada cewa in ya kunna ba ya rikita rada ko na'urar sauka. Sai ya jure zafin filin jirgin Maiduguri da tsakar rana, minti kaɗan bayan nan ya jure sanyin sama, ga girgiza. Sannan gwajin tashi. Duk wannan ga samfurin jirgi ɗaya. Ka koma lissafin Baba ka ƙirga samfuri nawa ne.

Amurka kanta ta sha ƙasa a nan. Shirinta na JTRS, wanda aka ce rediyo ɗaya zai maye gurbin kowane rediyo, ya ci biliyoyin daloli, a 2011 aka soke babban ɓangarensa na motocin ƙasa. Kuma manyan jiragenta biyu masu ɓuya wa rada, F-22 da F-35, kowanne da nasa yaren sirri, IFDL da MADL, yarukan biyu kuma ba sa jin juna kai tsaye. F-22 ya yi shekaru yana karɓar Link 16 amma ba ya aikawa, don aikawar tana tona inda yake.

Abin da na fi ganin ya dace da mu shi ne abin da suka yi a Afganistan. Duwatsu suna yanke musu magana, rediyoyi kuma iri-iri, sai suka ɗora na'ura mai suna BACN a jirgi mai tashi can ƙololuwa, E-11A, ya zama tafinta: ya karɓa daga wannan ya juya ya miƙa wa wancan. Ba sai ka huda kowane jirgi ba.

Baba Saje: Tafinta kuma shi ne wanda ya san sirrin kowa, in an same shi an samu duka. Amma bari in koma kan mabuɗi, don a nan ne na ga ana zubar da aiki. Mutane suna ɗauka an sa akwati an gama. Ba a gama ba, yanzu aka fara. Mabuɗi yana da wa'adi, wani na kwana ɗaya ne. Wani ne zai samar da shi, wani ya raba shi ga kowane sansani, wani ya ɗauki 'yar na'urar lodi ya bi jirage ɗaya bayan ɗaya kafin asuba, ya sa hannu a rajista. In jirgi ɗaya ya kwana a wani filin bai samu na yau ba, ya fita daga rukuni. Sai ka ji jagora ya ce to kowa ya koma tsirara. Na ga akwati sabo fil da aka bari a kashe wata da watanni saboda batirin na'urar lodi ya mutu ba a yi odar wani ba. Ba zan faɗi inda ba.

Akwai kuma maɓallin goge mabuɗi, wanda matuƙi zai danna in ya ga jirgi zai faɗa hannun abokin gaba. Sai an koya masa har ya zama hannunsa ne ke tunawa, ba kansa ba.

Malam Tarihi: Kuma mai ɗaukar mabuɗin mutum ne mai bashi da iyali. John Walker, ma'aikacin sadarwa a sojan ruwan Amurka, ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyat jerin mabuɗai a 1967, ba a kama shi ba sai 1985. A Janairun 1968 Koriya ta Arewa ta kama jirgin ruwan leƙen asiri Pueblo da na'urorin kulle saƙo a cikinsa. Amurkawa suka kwantar da hankalinsu cewa na'ura ba mabuɗi ba ta da amfani. Ba su san mabuɗan suna fita ta wata ƙofar ba. Shekara goma sha takwas.

Aminu Zariya: Subhanallah. To MUOS fa, ba a taɓo shi ba.

Injiniya Bilki: Duk waɗanda muka ambata sai eriya ta hangi eriya. Ƙasa a lanƙwashe take, don haka tsayinka shi ne nisanka. Ka ɗauki tushen murabba'in tsayi a mita ka ninka da kusan 4.1, ya ba ka kilomita. Jirgi a mita 3,000 zai kai wajen kilomita 225. Mai saukar ungulu da ke bin saman itatuwa a mita 100, kilomita 41 kacal, kuma in dutsen Gwoza ya shiga tsakani ko wannan babu. Maganin shi ne tauraron ɗan adam. MUOS taurari biyar ne da aka harba wa sojan ruwan Amurka tsakanin 2012 da 2016, kuma za ka ji daɗin wannan: fasahar 3G ta wayar salula aka ɗauka aka gyara. Turakun sabis ɗin da Baba ya ce babu, su ne aka kai sama. Sabon samfurin rediyon ARC-210 na kamfanin Collins yana ɗauke da MUOS da SATURN a akwati ɗaya, shi ya sa kake ganin sunayen tare a labarai.

Amma tauraro ma ba tudun mun tsira ba ne. Ranar 24 ga Fabrairu 2022, daidai lokacin da Rasha ta shiga Yukiren, aka yi wa hanyar KA-SAT ta Viasat kutse, dubban na'urorin karɓa suka mutu. Ba tauraron aka taɓa ba, ta kwamfutocin ƙasa aka shiga.

Ɗan Damagaram: Injiniya, Najeriya ai tana da nata tauraron.

Injiniya Bilki: NigComSat-1R, China ta harba shi a Disamba 2011, an ƙera shi ya yi shekara 15. Ka yi lissafin da kanka.

Kawu Na Fagge: Wato kowace ƙofa aka buɗe sai a tarar da wata kwangilar a bayanta. Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ce mini ga abin da za a fara da shi ba.

Baba Saje: Ni na faɗa maka. Kafin Link kowane iri, sojan ƙasa da ke kiran jirgi da matuƙin da ke amsawa su kasance a kan murya kulalliya guda, da ofishi ɗaya mai raba mabuɗi ga rundunoni uku. Injiniya ta ce tafinta a sama, ni na ce wannan ya zo na biyu.

Injiniya Bilki: Ni kuma na ce in ba tafintan, murya kulalliyar taka ba za ta wuce kilomita arba'in ba, Baba. Mu bar shi a haka.

Aminu Zariya: Anti Bilki, ina ajin ƙarshe a injiniyan lantarki, ban zaɓi aikin kammalawa ba. Ta ina zan kama wannan fannin ba tare da Shugaban Zaure ya kore ni ba?

Injiniya Bilki: Fara da saurare, kada ka aika komai, aikawa ba lasisi laifi ne. Kuma ka tsaya a kan jiragen fasinja. Suna sanar da inda suke da tsayinsu da saurinsu a megahaz 1090 a buɗe, tsarin ana ce masa ADS-B. Nemi 'yar na'urar RTL-SDR, kamar filas take, ka sa manhajar GNU Radio a kwamfutarka. Kada ka tsaya a manhajar da ke zana maka jirage a taswira, rubuta taka da za ta warware saƙon, bit 112 ne kowanne. In ka iya wannan, sai ka gina naka ɗan tsarin a cikin kwamfuta: tashoshi uku, raba musu lokaci, sa su tsalle, ka karkatar da agogon ɗaya ka auna inda magana ke yankewa. Eriya kuwa ba sai ka saya ba. Yanki wayar jan ƙarfe santimita 6.9 a tsaye, huɗu irinta a ƙasa a baje, ka hau da ita saman bene. Daga Zariya za ka kama masu zuwa Kano da Kaduna, da masu wucewa can sama zuwa Turai.